Tofi a Farin Ɗaki

Na yi aikin wankin kwalba a Makka, a shekarun da ake rushe gidajen gefen Harami ana faɗaɗa shi. Turawa ba su daɗe da barin ƙasarmu ba, haka muka ji a bakin alhazai. Ni ban gani ba. Na baro gida tun kafin nan, da ƙafa, ni da mijina da 'ya'ya biyu. Ta Chadi muka bi, muka zauna a Sudan muna tsinkar auduga. Ni kaɗai na iso. Ba wannan zan faɗa ba.

Abin da na samu a Sudan shi ne Larabci, irin na gona da kasuwa.

Wadda ta karɓe ni a unguwar Tandabawi wata tsohuwa ce Bakanuwa. Ba mu haɗa jini ba, amma Gwaggo nake ce mata, kowa ma haka yake ce mata. Ta gan ni zaune a gindin bango bayan alhazai sun watse, ta ce, "Ke, kin ci abinci?" Na ce a'a. Ta ce, "To tashi." Ɗakinta na gwangwani ne da katako, a jikin dutse. Da rana ba ya shiguwa. A nan na zauna.

A Kano wankan gawa take yi wa mata. Ta zo Makka ne don ta mutu a nan, ba ta ɓoye wa kowa ba. Takan ce, "Na wanke matan unguwa guda an sa su a ƙasar Kano. Ni a nan za a sa ni." Ba ta da igama, takardar zama ke nan. Ni ma ba ni da ita. Marar takarda kuwa, in aka yi kame bayan aikin hajji, Jidda ake kai shi a sa shi a jirgi.

Aiki ne ya tsare mu. Wani attajiri ɗan gari yana da wurin haɗa magani a bayan kantinsa, ya ɗauko wani Bamisire mai ilimin abin ya damƙa masa. Muna ce masa Dakta. A ciki muke wuni, ba a ganinmu a titi. In kuma aka tare ɗayarmu a hanya, attajirin yakan aika a ce tasa ce, sai a sake ta. Wadda ta bar aikin ta bar wannan inuwar.

Maganin ciwon ido muke ɗurawa. Lokacin hajji idanu kan yi ja, su yi kwantsa, mutum ya tashi da safe ya kasa buɗe su. Kwalaben ƙanana ne, ba su wuce tsawon yatsa ba.

Akwai ɗakin wanki, inda nake, da tukunyar tururi mai murfin ƙarfe da ake dafa kwalaben a ciki. Akwai wani ɗan lungu na sauya kaya. Sai farin ɗaki. Bangonsa da ƙasansa duk tangaran ne, tagarsa ba ta buɗuwa, ƙofarsa da ɗan gilashi a sama. In mun fita ana kunna wata shuɗiyar fitila a ciki, an hana mu kallonta.

Kafin ki shiga sai kin cire zobe da awarwaro da ɗan kunne da laya. Farce a yanke. Ba lalle, don Dakta ya ce ba ya ganin datti a ƙarƙashinsa. Ba goro. Ki wanke hannu har gwiwar hannu da sabulu da buroshi, a zuba miki sifirit. Ki sa farar riga dafaffiya, da hula, da safar hannu, sannan ki ɗaure baki da hanci da ƙyalle. Takunkumi muke ce masa.

Mu uku ke shiga, har da ni da Gwaggo. Ta ukunmu wata Bazazzagiya ce mai surutu, ita ke ɗura maganin. Ranar da ta fara ɗaura ƙyallen ta ce, "A garinmu raƙumi mai cizo ake yi wa wannan."

Gwaggo ta ce, "Ai shi ya sa aka fara da ke, baiwata."

"Ji tsohuwar banza. Yaushe Bakano ya mallaki Bazazzagi?"

"Tun ranar da kuka ga kuɗi kuka ɗauka maɓallin riga ne."

Wannan duk a lungu ne. Da an tura ƙofa magana ta ƙare. A ciki ba a magana, ba a tari, ba a susa. Ba a wuce da hannu ta saman buɗaɗɗiyar kwalba. Tafiya ma a hankali, kada a tayar da iska. Zufa na bin bayanki, ki bar ta. Ni wannan bai dame ni ba. Dama ba ni da abin faɗa.

Ni ke shigo da tire daga tukunya. Bazazzagiya ta ɗura. Gwaggo ta rufe da murfi. Kujerarta na fuskantar bango, bayanta na wajen ƙofa.

Dakta yana da wasu 'yan faranta na gilashi masu murfi, da wani abu a ciki kamar daskararren romo. Yakan ajiye su a buɗe a kusurwoyin ɗakin muna aiki, in mun gama ya rufe ya sa a akwatin ɗumi. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga ɗigo-ɗigo sun fito, fari da rawaya, wani da gashi-gashi kamar tuwon da ya kwana biyu. Ya ce wasu halittu ne da ido ba ya gani, suna cikin iska da jikin mutum, su ke kawo cuta. Mikrob yake ce musu. Gwaggo ta sa musu aljanun Dakta.

Daga kowane ɗuri kuma yakan ware 'yan kwalabe ya sa a akwatin. In ruwansu ya tsaya garau, a fitar da kayan. In ya yi hazo, a zubar da ɗurin gaba ɗaya.

A wata shekara, ana saura 'yan watanni hajji, kwalabe suka fara hazo. Ba duka ba. Wata garau, ta kusa da ita kamar an ɗiga mata madara. Dakta ya sa na ƙara wa tukunya lokaci. Muka goge bango har hannu ya saɓule. Ya sauya matacin maganin, ya toshe ƙasan ƙofa, ya sauya mai kawo ruwa. Bai hana ba. Muna tsaye aka tuttule aikinmu a kwata. Ya ce in abin ya ci gaba attajirin zai rufe ɗakin ya riƙa sayo magani daga waje.

Wata safiya na shigo da tire Gwaggo ba ta ji ni ba. Na ga ta ja takunkumin ƙasa da bayan hannu. Leɓenta na motsi. Ta sunkuya kan kwalbar farkon layi ta yi tofi, tuf tuf tuf, ta rufe, ta mayar da ƙyallen, ta ci gaba da sauran. Da ta zo sabon layi ta sake.

Abin bai dame ni ba. Da tofi aka raine ni. Uwata ta yi mini a ruwa, ni ma na yi wa nawa. Ban haɗa shi da hazon ba. Na ajiye tire na fita.

Ba a daɗe ba Dakta ya tara mu. Ya ba kowa faranti biyu. A ɗaya ki dangwala yatsa bayan kin wanke, a ɗaya ki sunkuya ki yi magana a kai ba takunkumi. Shi ma ya yi. Bazazzagiya ta zagi nata farantin tas, har da kakanninsa. Da ya fito da su daga akwati, na yatsa ba wani abin kirki a ciki. Na baki kuwa duk sun cika, har nasa. Ya ce in gaya musu, tunda ni ke jin Larabci sosai, cewa a jikin mutum ba inda ya kai baki ɗaukar abin nan.

A nan na gane.

Da yamma muna hawan dutse za mu gida na ce, "Gwaggo, na gan ki."

"Kin ga me?"

"Tofi."

Ba ta musa ba. Ta tsaya ta huta, ta dafa gwiwa. "To? Sata kika ga na yi?"

"Shi ke ɓata maganin."

"Fatiha ce ke ɓata magani? Ki tuba, 'yar nan."

"Ba Fatihar ba. Yawun."

"Da alwalata nake shiga ɗakin nan. Da asuwakina. Ke kin taɓa jin bakina ya yi wari?"

"Kin ga farantin."

"Na gani. Romo ne aka ajiye a ɗumi. Ko miyarki kika bari haka ai sai ta yi gashi."

Muka ci gaba da hawa. Can ta ce, "Mutumin da zai ɗiga abin nan a idonsa, gonarsa ya sayar ya zo ya ga ɗakin Allah. In idon ya tafi, me ya gani? Dakta ya sa nasa, ni ma in sa nawa. Me nake da shi in ba wannan ba?"

Na ce, "Ki yi bayan kin rufe."

"Ta kan murfi? Ai kwalba na yi wa addu'a ke nan."

"In ya kama ki, waje zai yi da ke. Kin san abin da ke waje."

Ta ce, "Ba Dakta ne ya kawo ni garin nan ba."

Muka ƙarasa gida. Amma ta daina. Na lura da bayanta, kafaɗunta ba sa sunkuyawar nan. Kwalabe suka dawo garau. Dakta ya ɗauka sabon matacin ne, har ya sa aka kawo mana shayi da gurasa.

Sai alhazan ƙasarmu suka fara isowa. Aka ce ciwon ido ya shiga wani masauki a unguwar Utaibiyya, kuma akwai 'yan unguwar su Gwaggo a ciki. Ta je gaishe su ranar Juma'a. Ta dawo ba ta ci abinci ba. Ta ce ta ga limamin da ya ɗaura mata aure, ana jan sa da sanda, idanunsa sun liƙe. Bai gane ta ba sai da ta faɗi sunan mahaifinta.

Washegari ta koma tofi. Na gani. Bazazzagiya ma ta gani, don a lungu ta raɗa mini, "Baiwata ta koma sana'a." Na ce na sani. Ta ce, "To me za mu yi?" Na ce ban sani ba. Muka ɗaura takunkumi muka shiga.

Da hazo ya dawo, Dakta ya sauya dabara. Ya daina ajiye faranti a kusurwa, ya koma ajiye ɗaya a gefen kowa. Nawa da na Bazazzagiya ba su nuna abin a zo a gani ba. Na Gwaggo ya cika.

Ranar da abin ya faru na ɗago da tire a hannu na ga fuskarsa a gilashin ƙofa. Gwaggo ta ja ƙyalle, ta sunkuya. Ba yadda zan yi mata magana, a ciki muke. Shi ma bai shigo ba, don bai yi wanki ba. Ya tsaya har ta rufe kwalbar, sannan ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ya yafito mu.

A ɗakin wanki muka tsaya, gefen tukunya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ya Hajja, me kika yi?"

Gwaggo ta dube ni. "Gaya masa addu'a na yi."

Na gaya masa. Ya ce shi ma yana yi, ba ya fara haɗi sai da bisimilla, amma a bayan ƙyalle. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya yi magana mai tsawo a kan idon da ke da rauni, da yadda abin kan shiga ya cinye shi cikin 'yan kwanaki. Ya ce in gaya mata.

Na ce, "Ya ce abin da ke bakinki yana makantar da mutum."

Bazazzagiya ta yi tsaki. "Ke ba ki iya tausasa magana ba?"

"Haka ya ce."

Gwaggo ta ce, "Tambaye shi. An kawo masa wanda ya makance?"

Na tambaye shi. Ya ce a'a. Ya ce waɗanda ya ga sun yi hazo ya zubar. Amma ba duk kwalba yake gwadawa ba, 'yan kaɗan yake warewa. Waɗanda suka fita, Allah kaɗai ya san idon da suka shiga.

Na mayar mata yadda ya faɗa. Tukunya na ta huci a gefe.

Bai kore ta ba. Ya ce ta koma wajen kwali, ta riƙa jera rufaffun kwalabe, ladanta yadda yake. A can ta karanta abin da take so, ta tofa yadda take so. Farin ɗaki dai shi ke nan, ba ta ƙara shiga.

Ta ce, "Na wanke gawar da 'ya'yanta suka gudu suka bari don wari. Ba wanda ya taɓa ce mini ƙazama."

Na ce, "Bai ce ƙazama ba."

"Ya fitar da ni daga ɗakin masu tsabta. Me ya rage?"

Ta cire farar rigar, ta ninke, ta sa a kwandon wanki inda ake sawa. Ta mayar da zobenta. Aka zubar da ɗurin ranar. Aka wanke ɗakin tun daga sama. Ni aka sa a kan murfi, aka kawo wata ta riƙa ɗauko tire.

Gwaggo ta yi 'yan kwanaki a wajen kwali. In na fito nakan gan ta tana jerawa, bakinta a rufe. Ba ta karanta komai a kansu. Bazazzagiya ta tsokane ta, ba ta rama ba. Sai wata safiya na shirya, ta ce, "Yau ba za ni ba." Washegari ma haka.

Ta samo tire da buhun alkama, ta koma bakin Harami tana sayar wa alhazai su watsa wa tattabaru. A lokacin hajji ba mai kula ka, garin cike yake. Mu muna ta ɗuri, kaya na fita ba hutu. Hazo bai ƙara dawowa ba.

Da alhazai suka fara tafiya na ce, "Gwaggo, kame ya kusa. Ki dawo. Dakta na tambayarki." Gaskiya ne, yana tambaya. Kullum sai ya ce ina Hajja. Ta ce, "Gobe."

Bazazzagiya ta hau dutsen da kanta, tana haki. Ta ce, "Ke Bakanuwa, wai mutuwa kika zo yi ko kiwon tsuntsu? Tashi mu je. Ba ni da wanda zan zaga."

Gwaggo ta ce, "Tsuntsu ba ya auna bakina a faranti."

"To ki zauna a ɗaki har kamen ya wuce. Mu ciyar da ke."

"Bazazzagiya ta ciyar da ni? Gara jirgin."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Da hantsi aka kama ta, ita da wasu mata masu talla. Maƙwabciyarmu ce ta zo har bakin kanti ta faɗa mini. Na gama layin da ke gabana, na fito, na gaya wa Dakta. Ya sa takalmi ya tafi wajen attajirin. Attajirin ya ce ta bar aikinsa tun kafin hajji, a titi aka same ta da tire, ba zai je gaban hukuma ya ce tasa ce ba. Dakta ya koma washegari. Amsar ba ta sauya ba.

Na gano inda aka tara su, wani fili mai katanga a hanyar Jidda. Ana barin a miƙa kaya ta ƙofa. Na ƙulle mata zannuwanta da buta da carbi. A ƙasan akwatinta na tarar da likkafani, wanda ta wanke da zamzam ta shanya tun kafin in san ta. Na sa shi a ciki.

Aka kira ta ta zo bakin ƙofa. Ta rame a kwana biyun nan. Ta buɗe ƙullin ta duba.

"Har da wannan."

"Naki ne."

Ta ƙulle. Ta ce, "Babbar tukunyar nan ta maƙwabciya ce, ki mayar mata. Alkamar da ta rage ki ba masu talla, kada ta yi ƙwari. Rufin wajen gabas yana yoyo, ki sa dutse a kai kafin ruwa."

Na ce to.

"Limamin nan, kin ji ko idonsa ya buɗe?"

"Ban ji ba."

"Ko namu ya ɗiga?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai. Askar ɗin da ke gadin ƙofa ya ce yalla, lokaci ya yi. Ta ɗora ƙullin a ka ta koma ciki. Ban jira motar da za ta kai su Jidda ba, don akwai ɗuri da rana.

Na yi shekaru a wannan aikin, har aka rufe wurin. Ɗakin gwangwanin ma ni na ci gaba da zama a ciki.

Bayan hajji uku ko huɗu na haɗu da wata Hajiya 'yar unguwarsu. Na tambaye ta. Ta ce ai Gwaggo ta isa gida, ta zauna wajen ɗan ƙaninta, ta rasu da damina, an binne ta a Kano. Na ce Allah ya jiƙanta. Ta ce amin. Ta tambaye ni inda ake samun darduma mai sauƙi, na raka ta na nuna mata.